Tarihin Abzin da Harshen da Za a Karantar da Shi: Misalin Anu Araren

Anu Araren, wanda ke kusa da Cirozerin, arewa da Agadas, asalinsa sunan rijiya ne, domin "anu" da Tamajak ita ce rijiya. A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR don haƙar kwal a wurin, a 1981 kuma tasharsa ta fara tura wutar lantarki zuwa mahaƙan yuraniyom na Arlit. Ta haka mashayar makiyaya ta zama mazaunin ma'aikata daga sassan Nijar. Duk ƙungiyar da ke nufin shirya laccocin tarihi da adabi a irin wannan wuri lokacin hutun damina, tambayar da za ta fara cin karo da ita ita ce ta harshe.

Dalili kuwa shi ne, tarihin Abzin a rarrabe yake. Jerin sarakunan Agadas, tun daga farkon ƙarni na 15, da Larabci malamai suka ajiye shi. Yves Urvoy ya fassara waɗannan takardu zuwa Faransanci a 1934, kuma da Faransancin Djibo Hamani ya wallafa babban nazarinsa na wannan sarauta a 1989. Waƙoƙin Abzinawa kuwa a baka suke. Daɗin daɗawa, bayan yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 sojojin Faransa sun kashe malamai da dama a Agadas, silsilar karatu ta yi rauni. Ke nan mafi yawan abin da aka tattara yana cikin harsunan da makiyayi bai karanta ba.

Hausa ba baƙuwa ba ce a nan. Gobirawa na cewa a Abzin suka zauna kafin su gangara kudu. Ko da yake Heinrich Barth ya tarar da wani karin harshen Sanwai a bakin mutanen Agadas a 1850, Hausa ce ta gaje shi a birnin. Saboda haka ta isa ta ɗauki labarin sarauta da na ayarin gishirin Bilma.

Sai dai waƙa ba ta yin ƙaura da sauƙi. Idan aka juya ta, karinta ya tafi, sunayen rijiyoyi da kwaruruka kuma su zama amo kawai. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi bayani da Hausa, a rera waƙar da Tamajak, sa'an nan a buga su gefe da gefe. Taron Bamako na 1966 ya riga ya tsara wa harsunan biyu haruffan boko, ga kuma Tifinag a hannun masu waƙar.