Bokitin Ƙarƙashin Gadon Kwalara

Duk wanda ya taɓa jinyar mai amai da gudawa ya san gadon nan mai rami a tsakiya, da bokiti a ƙarƙashinsa. Kowa kawar da kai yake yi daga bokitin, alhali daga cikinsa aka samo lissafin ƙunshin gishiri da sukarin da ake ba yara a yau.

A ƙarshen 1831, kwalara na ɗibar rayuka a arewacin Ingila, wani matashin likita ɗan Ailan, William O'Shaughnessy, ya auna jinin majinyata da gudawarsu. Sai ya tarar ruwa da gishirin da jini ya rasa ga su nan kwance cikin gudawar. Da jin haka Thomas Latta na Sikotilan ya fara ɗura wa majinyata ruwan gishiri ta jijiya a 1832. Bai daɗe ba ya rasu, aikin ya bi ruwa.

To amma gishirin jiki ba iri ɗaya ba ne. Bayan sodiyam na gishirin miya akwai fotasiyam, wanda Humphry Davy ya fara warewa a 1807 daga gishirin toka, ɗan'uwan ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa. Auna shi jan aiki ne a da, sai a shekarun 1940 da wata na'ura ta shigo ɗakunan gwaji. Fesa ruwan take yi cikin harshen wuta: sodiyam ya ba da ruwan ɗorawa, fotasiyam ya ba da shunayya, ita kuma ta karanta ƙarfin hasken.

Robert Phillips, likitan sojan ruwan Amurka da ya yi fama da annobar kwalara ta Alƙahira a 1947, ya kai mutanensa Bankok a 1958, suna auna abin da ke fita daga kowane majinyaci. Abokin aikinsa Raymond Watten ne ya tsara gadon mai rami. Awonsu, da wanda ya biyo baya a Dhaka da Kalkata, ya nuna litar gudawar babba na tafiya da milimol 15 zuwa 20 na fotasiyam, ta yaro 25 ko fiye, ga shi na jini bai cika wuce 5 ba. Shi ya sa za ka ga yaro an ƙara masa ruwa marar fotasiyam amma ciki ya kumbura, gaɓɓai sun saki, bugun zuciya ya rikice.

Saboda haka ƙunshin Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauke da milimol 20 na fotasiyam a lita. Ko da aka rage masa gishiri da sukari a 2002, ba a taɓa wannan adadi ba. Haɗin gida kuwa, na cokalin sukari da ɗan gishiri, babu fotasiyam a cikinsa ko kaɗan. In shi ke hannunki, Uwargida, ki ba yaro, ki haɗa masa da ayaba, sannan a aika kemis a sayo na ƙunshi.