Rage Gishiri a Abinci: Me Ya Sa Ake Gangami a Kai?

Gishiri na ɗauke da sinadarin sodiyum, wanda jiki ke buƙata kaɗan domin aikin jijiyoyi da daidaita ruwan jiki. Idan ya yi yawa, sai jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi, daga nan hawan jini ya biyo baya. Hawan jini kuwa shi ne babban abin da ke janyo shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da lalacewar ƙoda, kuma yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba.

Nawa ya kamata ku ci?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan ya haɗa da duk gishirin da ke cikin abincin yini, ba wanda aka barbaɗa kaɗai ba. Sai dai a ƙiyasin hukumar, abin da mutane ke ci a duniya ya ninka haka. Shi ya sa a 2013 ƙasashe suka amince su rage cin gishiri da kashi 30 cikin 100.

Me wasu ƙasashe suka yi?

Birtaniya ta sa kamfanoni su riƙa rage gishirin burodi da sauran abincin kanti sannu a hankali. Tsakanin 2003 da 2011, abin da mutum ke ci a Ingila ya sauka daga giram 9.5 zuwa 8.1 a rana. Afirka ta Kudu doka ta kafa, wadda ta fara aiki a 2016, ta ƙayyade sodiyum a burodi da dunƙulen ɗanɗano. A Najeriya ma, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin rage sodiyum a 2025.

Amma a gidajenmu, yawancin gishirin a tukunya ake zuba shi. Don haka doka kaɗai ba za ta wadatar ba, sai mai girki ta sa hannu.

Ina gishirin yake ɓuya?

Dunƙulen magi: kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Idan kun jefa guda huɗu a miya sannan kun ƙara gishiri, sau biyu ke nan kuka zuba.

Farin magi da garin ɗanɗanon taliyar yara: duk suna da sodiyum.

Kanwa: ita ma sodiyum ce, ko da ba ku ji ɗanɗanon gishiri ba. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da gazawar zuciya ga masu jego.

Yaji, kilishi, sadin ɗin gwangwani da burodi su ma a sa su cikin lissafi.

Yadda za ku rage

Ku auna gishiri da cokali maimakon ɗiba da hannu. Ku rage kaɗan-kaɗan, domin cikin 'yan makonni harshe yake sabawa. Ku ƙara daddawa, citta, tafarnuwa, albasa da masoro don miya ta yi daɗi. Ku ɗanɗana abinci kafin ku ƙara masa yaji. A tukunyar gida gaba ɗaya za a rage, ba a kwanon mai hawan jini kaɗai ba, saboda yara da abin da suka saba ci suke tashi. Idan za ku sayi abincin kanti, ku duba bayan leda: giram 1 na sodiyum daidai yake da giram 2.5 na gishiri. Ɗan abin da za ku zuba kuma ya zama mai sinadarin ayodin, domin yana kare maƙoƙo.

Gargaɗi

Akwai gishirin da aka maye gurbin wani ɓangarensa da sinadarin fotasiyum. Yana taimakawa wajen saukar da jini, amma yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da masu shan wasu magungunan hawan jini. Ku tuntuɓi likita kafin ku fara amfani da shi. Haka kuma rage gishiri ba ya maye gurbin magani. Idan likita ya ɗora ku a kan maganin hawan jini, ku ci gaba da sha, ku kuma riƙa zuwa awon jini a kai a kai.