Mamman Nasir: Daga Kotun Ƙoli Zuwa Zauren Hakimi

Makiyaya da 'yan kasuwar Garu da Malanbil, ku da kuka saba kai kuka gaban hakimi, ga labarin Mamman Nasir, Bakatsine. An haife shi a 1929, ya karanta lauya a Ingila. A 1961 ya zama ministan shari'a na Arewa a gwamnatin Sardauna, har juyin mulkin 1966. Ya hau kujerar Kotun Ƙoli ta Najeriya a 1975, daga 1978 ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara. To, da ya ajiye aiki a 1992, sai aka naɗa shi Galadiman Katsina, hakimin Malumfashi, inda ake kawo rigimar gona da burtali. Ya rasu a 2019. Kun ga, zauren da kuke durƙusawa ba ƙaramin wuri ba ne.