Ranar da Dallas ta sayar da bijiminta: tarihin cinikin Herschel Walker na 1989

Duk mai ɗa namiji a gida, ko mai koyarwa a aji, ya san yadda watan Janairu yake: yara ba su da zance sai na wane ɗan wasa ya bar wace ƙungiya a Turai, da nawa aka saye shi. A ganinsu ƙungiyar da ta kawo tauraro ita ce ta ci riba, wadda ta rabu da shi kuwa ta yi asara. Akwai wani ciniki da aka yi a Amurka ranar 12 ga Oktoba 1989, ana tsakiyar kakar wasa, wanda ya kamata a ba su labarinsa, domin kusan kowa ya yi masa irin wannan fahimtar a ranar da aka yi shi, daga baya kuma lokaci ya nuna akasin haka.

Wasan da ake magana ba tamaular da muka sani ba ce. Ƙwallon Amurka mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta ko a jefa ta, kowane gefe mutum 11 sanye da hular kwano. Ana auna ci gaba da yadi, wanda kaɗan ya rage ya kai mita ɗaya. Babbar gasarsu ita ce NFL, wasan ƙarshe kuma shi ake kira Super Bowl. A 1989 ƙungiyoyi 28 ne a gasar, kowacce tana buga wasa 16 daga Satumba zuwa Disamba kafin a shiga sili ɗaya ƙwale.

Abu biyu ne suka bambanta kasuwarsu da ta Turai, kuma sai an riƙe su za a gane wannan labarin. Na farko, ƙungiya ba ta faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni komai lalacewarta. Na biyu, kowace shekara a watan Afrilu ana zama a raba matasan da suka fito daga jami'o'i: ƙungiyar da ta zo ƙarshe a bara ita ke fara zaɓe, zakara kuma ta zo a ƙarshe, haka za a yi ta zagayawa. A lokacin zagaye 12 ake yi. Wannan gurbin zaɓe kadara ce, ana iya musanya shi da ɗan wasa. Saboda haka a NFL ba kasafai ake sayen mutum da kuɗi daga hannun wata ƙungiya ba, musaya ake yi: ka ba ni gwaninka na yau, in ba ka matashin da zan zaɓa baɗi ko baɗin baɗaɗa.

Ƙungiyar Dallas Cowboys ta jihar Teksas tana cikin manyan gidajen wannan wasa. Tom Landry ya horar da ita tun kafuwarta a 1960, ya ɗauko mata kofi sau biyu, a 1972 da 1978, kuma ta yi shekara 20 a jere, daga 1966 zuwa 1985, tana cin wasanni fiye da waɗanda ake cinta. Amma gwanayenta sun tsufa ba a shirya magada ba. A 1988 wasa 3 ta ci, aka ci ta 13. A Fabrairun 1989 wani attajirin man fetur mai suna Jerry Jones ya saye ta a kan dalar Amurka miliyan 140, ya sallami Landry bayan shekara 29, ya kawo abokinsa tun zamanin jami'ar Arkansas, Jimmy Johnson, wanda ya yi suna yana horar da ɗalibai a jami'ar Miami. Mutanen Dallas ba su ji daɗin yadda aka yi wa dattijon ba. Da kaka ta fara, ƙungiyar ta buga wasa biyar, aka doke ta a duka biyar.

Abu ɗaya mai daraja da ya rage a gidan shi ne Herschel Walker, mai gudu da ƙwallo. Ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ƴan wasan jami'a a 1982, ya zo Dallas a 1986, kuma a 1988 shi kaɗai ya yi gudun yadi 1,514 da ƙwallo a hannu. Johnson ya duba ya ga cewa da Walker ɗin ma kashi suke sha, kuma kafin a gina ƙungiya a kewayensa ƙarfinsa ya fara ja baya, domin masu irin aikinsa ba su daɗewa. Ya yanke shawarar da makiyayi kan yanke in garke ya ƙare saura bijimi ɗaya: a kai shi kasuwa tun yana da ƙiba, a sayo karsanoni.

Mai saye ya fito daga arewa. Minnesota Vikings ta je Super Bowl sau huɗu tsakanin 1970 da 1977, ta dawo hannu rabbana duka huɗun. A Janairun 1988 ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Washington ta fitar da ita da ci 17 da 10. A kakar 1988 ta ci wasa 11 cikin 16. Masu tsaron bayanta na cikin mafiya ƙarfi a gasar. Manajanta, Mike Lynn, ya gamsu cewa mutum ɗaya kawai ya rage musu su ɗauki kofi, kuma mutumin shi ne Walker. Cleveland Browns ma ta taya, wannan ya sa farashi ya ƙara hawa.

Da aka ƙulla ciniki, jimillar ƴan wasa da guraben zaɓen da suka sauya hannu ta kai 18, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Minnesota ta karɓi Walker da wasu ƴan guraben zaɓe na zagayen baya. Dallas ta karɓi ƴan wasa biyar: Jesse Solomon, David Howard, Issiac Holt, Darrin Nelson da Alex Stewart, tare da guraben zaɓe. Shi kansa Walker sai da Jones ya ba shi kuɗin sallama fiye da dalar Amurka miliyan 1 kafin ya yarda ya tafi.

Kwana uku bayan haka, ranar 15 ga Oktoba, Walker ya buga wa Minnesota wasansa na farko da Green Bay Packers. Ya yi gudun yadi 148, har a wani dogon gudu takalminsa ɗaya ya fice bai tsaya ba. Minnesota ta ci, gari ya ruɗe da murna. A Dallas kuwa ƴan jarida da magoya baya suka yi ca a kan Johnson, cewa ya ba da zinariya ya karɓi tarkace. Ƙungiyar ta gama kakar da cin wasa 1 tak, aka ci ta 15. Da a ranar aka rufe littafi, da kowa ya ce Lynn ne gwani.

Sai dai akwai wani sharaɗi a cikin takardar. Kowane ɗaya daga cikin ƴan wasan nan biyar an ɗaura masa gurbin zaɓe: in Dallas ta sallame shi kafin 1 ga Fabrairu 1990, Minnesota za ta biya da gurbin. Lynn ya ɗauka cewa ƙungiyar da ta talauce kamar Dallas ba za ta iya rabuwa da ƴan wasa masu amfani ba, saboda haka ba zai taɓa biyan waɗannan guraben ba. Johnson kuwa tun ranar farko guraben yake so. Nelson ya ƙi zuwa Dallas, aka tura shi San Diego. Stewart bai daɗe ba aka sallame shi. Da kaka ta ƙare Johnson ya sanar da Lynn cewa sauran ukun ma zai sake su. Bayan ƴar ja-in-ja aka daidaita: Dallas ta riƙe Solomon da Howard da Holt, kuma ta karɓi guraben. A ƙarshe ta tashi da guda takwas tsakanin 1990 da 1992: uku na zagayen farko, uku na zagaye na biyu, ɗaya na uku, ɗaya na shida. Minnesota ta rabu da gurabenta na zagaye biyu na farko shekara uku a jere. Manomi zai ce ta daka irin shukarta ta yi tuwo.

Tuwon ma bai ƙosar ba. A 1989 Minnesota ta ci wasa 10, ta shiga sili ɗaya ƙwale, San Francisco 49ers ta yi waje da ita da ci 41 da 13. A 1990 ta ci 6 aka ci ta 10, a 1991 ta yi 8 da 8. Walker bai taɓa cika yadi 1,000 a kaka ɗaya ba a can. Ba lalaci ya yi ba. Ya saba ya tsaya can baya ya taso da gudu, a riƙa ba shi ƙwallo sau da yawa har ya gajiyar da abokan karawa, su kuwa tsarin wasansu na raba aiki ne tsakanin mutane da yawa, kuma ba su sauya shi dominsa ba. An biya farashin mutum ba a tanadi yadda za a yi aiki da shi ba. A 1992 suka sallame shi, ya tafi Philadelphia.

Dallas kuma ba ta zauna a kan guraben ba, ta yi ta juya su kamar ɗan kasuwa da jarinsa, ta haɗa wannan da wancan ta hau sama ko ta sauko ta ƙara yawa. A 1990 ta yi amfani da gurbin Minnesota na zagayen farko, ta ƙara wani a kai ta ba Pittsburgh, ta hau zuwa lamba 17 ta ɗauki Emmitt Smith, matashin da wasu suka raina saboda ba shi da tsawo kuma ba shi da saurin Walker. Shi ne daga baya ya zama wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo a tarihin NFL, da yadi 18,355. Ta wannan hanyar aka samu Russell Maryland a 1991, da Kevin Smith da Darren Woodson a 1992. Suka tarar da Troy Aikman mai jifa da Michael Irvin mai cafka, waɗanda Dallas ta riga ta zaɓa da guraben kanta. Sakamako ya riƙa hawa: wasa 7 a 1990, 11 a 1991, 13 a 1992. A Janairun 1993 ta lallasa Buffalo Bills da ci 52 da 17 ta ɗauki kofi, ta sake doke su 30 da 13 a Janairun 1994, ta ƙara na uku a kan Pittsburgh a Janairun 1996. Shekara uku da ƴan watanni ne tsakanin ranar da aka yi wa Johnson dariya da ranar kofin farko. Minnesota har yau ba ta taɓa ɗaukar Super Bowl ba.

Kada a fahimci cewa duk wanda ya sayar da tauraro ya tara gurabe ya tsira. Shekara biyu kafin wannan, ranar 31 ga Oktoba 1987, Los Angeles Rams ta rabu da Eric Dickerson, gwanin gudu na zamaninsa, ya koma Indianapolis, ta karɓi gurabe shida na zagayen farko da na biyu. Ta zaɓi matasa da su, amma ba su kai ta ga kofi ba. Haka kuma saye a tsakiyar kaka ba kullum yake zama wauta ba: a Nuwamban 2021 ita dai Rams ɗin ta karɓo Von Miller daga Denver da gurabe biyu, kuma a Fabrairun 2022 ta ɗauki kofi da shi. Bambancin yana ga sanin matsayin kai. Rams ta 2021 da gaske mutum ɗaya ko biyu suka rage mata, kuma abin da ta biya bai karya ta ba. Minnesota ta 1989 ta zaci ta fi yadda take, ta biya da shekara uku. Johnson ya yarda a bainar jama'a cewa ƙungiyarsa ba ta da kyau, abin da yake da wuya ga shugaba, sannan yana da idon gane matashi, domin bai daɗe da barin jami'a ba, ya ga yawancin yaran nan suna wasa tun suna ɗalibai.

Akwai kuma ɓangaren da alƙaluma ba su nunawa. Mutane shida ne aka ce wa su tattara kayansu a tsakiyar Oktoba, makarantu sun riga sun buɗe, su koma wani gari mai nisan fiye da kilomita 1,000. Biyar daga cikinsu an karɓe su ne da niyyar a sallame su. Walker kuwa ya buga wasa shekaru da yawa bayan haka, har ya dawo Dallas a 1996, amma ya iso bayan an gama ɗaukar kofunan, kuma sunansa ya zama abin misali na mummunan ciniki alhali ba shi ya rubuta takardar ba. Su ma waɗanda suka ci ribar ba su zauna lafiya ba: Jones da Johnson sun saɓa a kan wane ne ya fi cancantar yabo, Johnson ya bar aiki a Maris 1994, wata biyu bayan kofi na biyu. Barry Switzer ne ya ɗauki na uku da yaran da aka bar masa.

In yaro ya zo da labarin wani babban saye, ga tambayoyi uku da za a iya yi masa, kuma sun fi ƙarfin filin ƙwallo: me aka bayar a madadi, me aka rubuta a ƙasan takarda, kuma wa zai yi aiki da abin da aka sayo? Lynn ya ga sharaɗin 1 ga Fabrairu da idonsa, ya sa hannu bisa zaton cewa abokin cinikinsa ba zai yi amfani da shi ba. Johnson ya jure kaka guda ana zaginsa saboda ya san abin da yake jira a watan Afrilu. Malamin da aka matsa wa ya zuba duk ƙarfinsa a kan ɗalibi ɗaya mai haske domin sunan makaranta ya fito a jarrabawar bana, da uban da ake zuga ya sayar da gona domin wata dama ta gaggawa, duk sun san wannan tsaka mai wuya. Mutanen Minnesota sun yi murnar Lahadi ɗaya a Oktoban 1989, mutanen Dallas kuma suka jira har Janairun 1993.