Jirgin da Aka Gina Don Gudun Wuta

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta ga abin da ya dame ta. Duk sa'ad da za ta aika da soja masu yawa zuwa Turai, sai ta dogara ga manyan jiragen ruwan Ingila guda biyu, Queen Mary da Queen Elizabeth, waɗanda kowannensu kan kwashi mutum fiye da 15,000 a tafiya guda. Da aka ƙare yaƙi a 1945, sai hukuma ta ce ba ta sake shiga wannan hali. Aka shirya a gina jirgin fasinja wanda in ana zaman lafiya zai yi jigilar matafiya, in kuwa yaƙi ya tashi a mai da shi na soja cikin 'yan kwanaki.

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne William Francis Gibbs, mutumin Filadelfiya, an haife shi a 1886. Aikin lauya ya koya don bin umurnin ubansa, amma zuciyarsa na ga jiragen ruwa tun yana yaro, kuma yawancin ilmin ƙirarsu shi ya koya wa kansa daga littattafai. An fara ginin a Newport News cikin 1950, aka sa wa jirgin sunan ƙasar, watau United States. Kuɗinsa ya kai wajen dala miliyan 78. Hukuma ta biya miliyan 50, kamfanin da zai riƙa aiki da shi ya biya sauran. Mai biyan kuɗi kuwa shi ke da magana, saboda haka kusan duk ƙirar jirgin bukatar soja ce ta tsara ta.

Tsawonsa ƙafa 990, watau yadi 330. Faɗinsa kuwa ƙafa 101 da rabi kurum, kuma da gangan aka tsuke shi haka. Ƙofofin mashigin Fanama, inda jirage ke ƙetarawa daga tekun Atilantika zuwa Fasifik, faɗinsu ƙafa 110 ne a wancan lokaci. Queen Mary ba ya iya shiga. Wannan kuwa yana wucewa, da saura kamar ƙafa huɗu a kowane gefe.

Tururi ke tafiyar da shi. Kowa ya san yadda murfin tukunya kan yi rawa in ruwa ya tafasa; to, ƙarfin nan ne aka kama aka sa shi aiki. Manyan tukwane takwas ake hura wa wuta da mai, tururinsu ya bi ta bututu ya bugi fikafikan inji huɗu, su kuma su juya farfela huɗu da ke ƙarƙashin ruwa. Ɗakin injin ma biyu aka yi, kowanne daban, don in abokan gaba sun fasa ɗaya, ɗayan ya kai jirgin gida. Don a rage nauyi, aka yi benayen sama da alminiyam, ƙarfen nan mara nauyi da ake tukwane da shi. Hukuma ta ɓoye asirin injin da siffar cikin jirgin shekaru da yawa.

Amma abin da ya fi damun Gibbs shi ne wuta. A 1934 jirgin Morro Castle ya kama da wuta kusa da gaɓar Amurka, mutum 137 suka hallaka. A 1942 kuma Normandie, ƙasaitaccen jirgin Faransa, ya ƙone yana tsaye a tashar Niyu Yok, har ya kife. Jirgin da ya kama wuta a tsakiyar teku, mutanensa ba su da wurin gudu, ga wuta a baya, ga ruwa a gaba. Don haka Gibbs ya hana a sa katako a ɗakunan fasinja. Kujeru da tebura da gadaje duk na ƙarfe ne ko gilashi, labule da shimfiɗu kuma na zaren da wuta ba ta ci. Kamfanin kan yi alfahari cewa katakon da ke ciki bai wuce na fiyano da wanda mahauta ke sara nama a kai ba. An ce har fiyanon ya so a ƙera masa da alminiyam, bai haƙura ba sai da aka zuba wa ɗaya fetur aka ƙyasta ashana a gabansa, man ya cinye, katakon bai kama ba. Gaskiya jirgin bai kai na Ingila ƙawa ba, waɗansu fasinjoji sun ce ɗakunansa sun yi kama da na asibiti. Amma fa bai taɓa yin babbar gobara ba.

Ran 3 ga Yuli 1952 ya tashi daga Niyu Yok, tafiyarsa ta fari. Ya ƙetare Atilantika cikin kwana 3 da sa'a 10 da minti 40, yana cin kamar mil 41 a sa'a guda. Ya rage sa'a goma ke nan daga abin da Queen Mary ya yi a 1938. Da zai komo ma ya sake cin gaba, kuma har yau babu jirgin fasinja irinsa da ya kai shi sauri.

Sai dai ya zo a makare. A 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara jigila tsakanin Amurka da Turai, tafiyar kwanaki ta koma ta 'yan sa'o'i. Fasinja suka yi ta raguwa, ga tsadar mai, ga yajin aikin ma'aikata. Gibbs ya rasu a 1967, bai ga ƙarshen abin ba. Cikin Nuwamba 1969 jirgin ya shiga Newport News don gyara, daga nan bai sake ɗaukar kowa ba. Shekara 17 kurum ya yi yana aiki, soja 14,000 ɗin da aka tanade shi dominsu kuwa bai taɓa ɗaukarsu ba.

Ya yi ta sauya iyayengiji. A 1984 aka yi gwanjon kayan cikinsa. Sa'an nan ga wata sabuwa: abin da aka lulluɓe bangayensa da shi don tsare wuta, wanda ake kira asbesto, an gane ƙurarsa na kawo mugun ciwon huhu. Aka ja shi har Yukiren aka kankare shi sarai, ya zama kango. A 1996 aka kawo shi Filadelfiya, garin da aka haifi mai ƙirarsa, ya zauna nan yana tsatsa, masu ƙaunarsa suna ta tara kuɗin hayar wurin tsayawa. Da rigimar haya ta kai gaban alƙali, sai aka sayar wa ƙaramar hukumar Okaloosa ta jihar Fulorida. Cikin Fabrairu 2025 aka ja shi zuwa tashar Mobile, a jihar Alabama, don a wanke shi daga mai da datti, da niyyar a nutsar da shi a teku ya zama gidan kifaye.