Malam Aminu Kano Kafin NEPU: Ɗalibin Da Ya Mai Da Wasa Makami

Wani mai karatu daga Matamaye, wanda ya ce da wasannin rediyo irin na su Yazi Dogo ya tashi, ya aiko da tambaya: shin wa ya kafa harsashin rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa? Tambayar ta daɗe tana raba kan malamai.

Wasu sun tsaya a kan Rupert East, Baturen Ingila da ya jagoranci Hukumar Talifi a Zariya, domin littafinsa na wasanni shida ne ya fara shiga makarantu a shekarun 1930. Wasu kuma Abubakar Tunau suke miƙa wa tuta, saboda Wasan Marafa na shekarun 1940. Kowa da hujjarsa. Sai dai East tatsuniyoyi ya gyara wa yara, Tunau kuwa tsabta da amfanin ilimin zamani ya koyar, abin da bai ɓata wa hukuma rai ba.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wani saurayi, Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa a Kano, ɗan gidan malamai da alƙalai, wanda aka haifa a 1920 ya kuma shiga Kwalejin Kaduna a 1937. A nan Aminu ya riƙa rubuta wasanni ɗaya bayan ɗaya, shi da 'yan uwansa ɗalibai suna nunawa. A cikin Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba? ya tona yadda 'yan birni ke damfarar baƙauye in ya shigo kasuwa. A cikin Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya ya taɓo haraji da abin da masu karɓarsa ke yi wa talaka. A tuna, zamani ne da talaka ba ya ɗaga ido ya dubi hakimi, balle ya kwaikwaye shi a bainar jama'a. Masu kallo na dariya, saƙo na shiga.

Waɗannan wasanni ba su sami gatan ɗab'i irin na East da Tunau ba, shi ya sa ake tsallake su. A ganina wannan ba adalci ba ne. Wanda ya fara nuna cewa dandali zai iya tuhumar mai mulki da harshen Hausa, shi ne ya ba wannan fanni alƙibla.

Sauran labarin sananne ne: koyarwa a Bauchi kusa da Sa'adu Zungur, karatu a Landan, koyarwa a Maru, jam'iyyar NEPU a 1950, jam'iyyar PRP a 1978, rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983.

Kira gare ku malaman jami'o'in Kano da Damagaram: a nemo abin da ya saura na waɗannan wasanni, a buga su, yaranmu su karanta.