Bindiga da Namun Daji a Ƙasar Daura

A hutun da ya wuce na je gida Sandamu, sai wata gardama ta tashi a ƙofar gidanmu bayan sallar isha'i. Wani ƙanena ya ga hoton mutanen karkarar Amurka suna rataye da ƙaramar bindiga a ƙugu saboda namun daji, ya ce ai da kakanninmu sun sami irinta da kura ba ta dame su ba. Kakanmu, wanda ya yi farauta a zamanin ƙuruciyarsa, ya yi dariya ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin idon kura da dare?" Wannan tambaya ce ta sa na bi diddigin al'amarin. Abin da na tarar shi ne, ƙaramar bindigar hannu, wadda tsofaffi ke kira libarba, ba ta taɓa zama makamin talakan ƙasar Daura ba, kuma akwai dalilan tarihi da suka jawo haka.

Duk ɗalibin Hausa ya san labarin macijiyar rijiyar Kusugu, wadda ta hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Masana suna ta muhawara a kan gaskiyar zuwan Bayajida, ba kuwa za mu shiga cikinta a nan ba. Abin lura kawai shi ne makamin da labarin ya ambata, wato wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Ashe tun a labarin kafuwar ƙasa, ƙarfen maƙerin gida aka sani wajen tunkarar mugun abu.

A ƙauyuka irin namu kuwa, babbar abokiyar gaba ita ce kura. Zaki da damisa sai an nutsa cikin dawa, amma kura har gida take biyo awaki, wani lokaci ma ta yi wa mai barci a waje rauni. To, yaya aka yi da ita? Da farko dai ba a jira ta iso. Akan kewaye garke da shingen ƙaya, a hura wuta, a ajiye karnuka, makiyayi kuma ya kwana da gorarsa kusa da kai. In ta matsa wa gari, sai a kai kuka wurin Sarkin Baka, shi kuma ya tara maharba. Makaminsu baka ne da kibiya mai dafi, dafin da ake dafawa daga 'ya'yan ƙwanƙwani. Kibiya ba ta ƙara, ba ta bukatar albarushi, kuma ko ƙwarzane ta yi wa dabba, dafin zai ƙarasa aikin. Kare kai daga naman daji a wancan zamani aikin gayya ne, yana da shugabansa, yana da asirinsa da kirarinsa.

Ba wai ba a san bindiga ba ne. Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga tun ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa an kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki (sunansa ma ya dace da batunmu) shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Kusa da mu nan, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa, har igwa aka ƙera masa a Zindar. Mutanen ƙasar Daura sun san wannan ƙarfi sarai, domin bayan masu jihadi sun karɓe birnin, sarakunan Haɓe sun koma Zango da Ɓaure, suka zauna a inuwar Damagaram. Amma mai karatu ya lura, duk waɗannan bindigogin sarki ne, a hannun bayinsa da dogarawansa, an tanade su domin yaƙi. Wane ne zai ba manomi albarushin da aka ɗauko a bayan raƙumi daga Tarabulus don ya harbi kura?

Zuwan Turawa ya sauya lamarin ta wata fuska. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasel ta hana shigo da bindigogin zamani cikin yawancin ƙasashen Afirka, sai dai tsofaffin nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Sun ce don hana cinikin bayi suka yi haka. A ganina, akwai kuma son kada wanda za a mallaka ya riƙe makami irin na mai mallakarsa, kuma abin da ya faru a Kano da Sakkwato a 1903 ya isa shaida. Bayan ƙura ta lafa, aka mayar da sarautar Daura gidan Haɓe, yaƙe-yaƙe suka ƙare, sai doguwar bindigar nan ta sauko daga fada ta shiga hannun maharba, maƙeranmu kuma suka ƙware wajen ƙera ta da gyaranta.

Ita ce adaka. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a daka da ɗan sandan ƙarfe, a zuba gutsattsarin ƙarfe ko darma, a sake dakawa. Harbi ɗaya take yi, in ka kuskure sai ƙafa ta cece ka, shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga. Da damina albarushi kan jiƙe ta ƙi tashi, wani lokaci kuma ta fashe a hannun mai ita. Kakanmu ya ce saboda haka maharbin kirki ba ya shiga dawa da ita kaɗai, sai da wuƙa da ɗan gatari, da abokin tafiya. Babban amfaninta, in ji shi, ƙararta ce: in aka buga ta sau ɗaya a bayan gari, kura takan kwana biyu ba ta leƙo ba.

Libarba kuwa a ƙugun Bature da hafsan soja aka san ta. Dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin jerin haramtattun makamai tare da bindigogin yaƙi, ba mai riƙe ta sai da izinin shugaban ƙasa, alhali adaka izininta na hannun 'yan sanda. Ko da ma doka ta yarda, gajeren bakinta bai sa ta cin nesa daidai, kafin ka saita ta cikin duhu abin da kake tsoro ya riga ya iso jikinka.

To, in ba bindiga ba, me ya kori kura daga Sandamu? Gatari da fartanya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, aka shiga sare dawa ana mayar da ita gona. Jama'a ta ƙaru, farin 1973 ya ƙara ƙone abin da ya rage. Dokar kare namun daji da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1963 ta zo ne bayan yawancinsu sun riga sun yi ƙaura. Yau zakin da ya rage a Nijeriya bai wuce 'yan tsiraru ba, a Yankari da gandun dajin Kainji.

Abin da ke kashe manomi yanzu ƙarami ne: kububuwa a cikin kunya lokacin girbi, da cizon mahaukacin kare. Na farkon takalmi mai rufi da allurar kashe dafi yake bukata, irin wadda asibitin Kaltungo ya shahara da ita, na biyun kuwa rigakafi. Bindigogin da suka cika dajin Rugu a yammacin jiharmu ba don dabba aka shigo da su ba, wannan kuwa wani batu ne mai zaman kansa.

Adakar kakanmu tana nan rataye a zaure, an naɗe bakinta da tsumma. Rabonta da dawa ya fi shekarun haihuwata. Wani jikansa ne kan sauke ta in Sallar Gani ta zo, ya ɗura mata albarushi zalla ba darma, ya tafi Daura ya shiga sahun 'yan bindiga a hawan sarki.